Zalaƙa yabo ce ko zambo?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana Hausa ku fitar da ni daga duhu.

A Makka aka haife ni, Hausar gida kawai nake ji. Juma'a mai zuwa za a yi walimar saukar ƙanena, ni aka ɗora wa gabatar da malamin da zai yi nasiha, mutum ne da in ya buɗe baki ko mai taurin kai sai ya sauko. Na so in ce yana da fasaha, don a Larabci ma'anarta ke nan, sai Baba ya ce a Kano yanzu fasaha ta koma ta kimiyya da ƙere-ƙere. Balaga kuwa, wadda muka karanta da ma'ani da bayani da badi'i, ina tsoron yara su kwashe da dariya su ɗauka ta girma ce.

Kawu ya ce in ce zalaƙa. Inna ta hana, wai kusan daɗin baki ce, irin na dillali. To wa ya fi gaskiya? Ana cewa "Malam yana da zalaƙa" a gabansa ba a ji kunya ba? Ko in tsaya ga "ya iya magana"? Ita kam ta yi mini lami.