Wane injin kwance noti mai batir ya dace da gyaran mota a gida?

Mai Corolla, Kubwa:
Assalamu alaikum. Ina da Corolla 2010, kuma ina son na riƙa canza taya da duba birki a gida ba sai na je wurin makanikai a Apo ba. Na ga injin kwance noti mai batir kala-kala, wani an rubuta 20V, wani 88V, wani 350Nm, wani 1000Nm. Don Allah masana, wanne zan saya?

Bakanike, Apo:
Wa alaikumus salam Malam. Fara da bakin injin: ka nemi mai kai murabba'i na rabin inci, don shi ne yake ɗaukar soket ɗin mota. Akwai ƙaninsa mai kama da shi, mai ƙaramin rami na kwata inci, wannan na ɗaure sukuru ne a katako, ba zai yi maka aikin taya ba.

Sai ƙarfi, wato Nm, ma'aunin ƙarfin juya noti. Notin tayar motarka 103Nm kamfani ya ce a ɗaure shi, soket lamba 21. Amma kada wannan lamba ta ruɗe ka. Notin da mai faci ya sa wa bututu ya hau kai da ƙafa, ya kuma sha ruwan damina ya yi tsatsa, yana iya neman ninki biyu ko uku kafin ya motsa. Shi ya sa mai 300Nm na gaskiya shi ne mafi ƙaranci, kuma in aljihu zai ɗauka, mai 500 zuwa 700 ya fi kwanciyar hankali. Notin shaf (sandar da ke juya tayar gaba) na wannan mota 216Nm ne, soket 30 mai kusurwa 12, kuma an dake bakinsa cikin tsagi. Sai ka ɗaga wurin da aka daken kafin ka sa inji, in ba haka ba zaren shaf ɗin zai tafi. Mai 1000 zuwa sama na masu manyan motoci ne, nauyi kawai zai ƙara maka, ga shi ba ya shiga lungu.

Mai Lantarki, Dei-Dei:
Oga ya gama maganar ƙarfi, bari na taɓa batir. 18V da 20V abu ɗaya ne: ƙwayoyi biyar a jere, kowace 3.6V, in ta cika tana kai 4V. Makita na rubuta 18, DeWalt na Amurka da Ingco na rubuta 20. Duk wanda ka ga 88V a jikin batir ɗan ƙarami da bai cika tafin hannu ba, rubutu ne kawai. Ɗauka ka ji nauyinsa, na bogi sakayau yake.

Abin dubawa shi ne Ah, wato yawan cajin da batir yake ɗauka. Ƙaramin 2Ah yana saurin sarewa idan noti ya yi gardama, sai ka ji bugun injin ya yi laushi. Ka nemi 4Ah ko 5Ah, kuma injin ya zama marar gawayi a ciki (brushless), ya fi jure zafi kuma ya fi tattalin caji.

Hattara da na gwanjo daga Amurka. Cajarsu ta 120V ce, wutarmu 230V. Kana sokawa za ka ji fas da ƙauri. Karanta bayan cajar tukuna, in 120V kaɗai aka rubuta sai ka haɗa da taransifoma mai rage wuta. Kuma zafin Abuja na Maris ba wasa ba ne, kada batir ya wuni a but ɗin mota a rana.

Mai Corolla, Kubwa:
Na gode ƙwarai. Ina da akwatin soket masu ƙyalli, za su yi? Kuma da injin zan mayar da notin?

Bakanike, Apo:
A'a Malam, masu ƙyallin nan na hannu ne. Ƙarfensu yana da tauri amma ba ya jure bugu, yana iya tsagewa ɓarɓashi ya tashi maka a ido. Sayi baƙaƙe masu kauri da aka rubuta Cr-Mo, lamba 17, 19 da 21 sun ishe ka farawa.

Wajen mayarwa nan ne ake ɓarna. Ɗora kowane noti da yatsa, ka juya shi sau uku ko huɗu ka ji yana tafiya sumul. In ka fara da inji alhali ya hau a karkace, zare ya lalace ke nan, sai an canza ƙusar. Sa injin a mataki na ɗaya, da noti ya taɓa wili ka saki. Kada ka bi su a jere, tsallaka ɗaya ka kama na gaba, kamar zanen tauraro, don wilin ya zauna daidai. Sauke motar, ka ƙarasa da sifana mai auna ƙarfi a 103, kana jin ƙas ka tsaya. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka sake bi.

Fulogi da notin zubar da baƙin mai kuwa, inji bai kusance su ba, hannu kawai. Kuma in za ka taɓa birki ko shaf, jak kaɗai ba ya riƙe rai, sa ƙafar ƙarfe a ƙarƙashin motar, ka tare tayar baya da katako.