"A stitch in time saves nine": me ya sa ba "on time" ba?

Ɗalibar SS3: Assalamu alaikum. A jarrabawar gwaji an ba mu wannan karin maganar a cike gurbi, na sa "on time", malami ya soke. Har yanzu abin na damuna. Ba duka "a kan lokaci" suke nufi ba?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Karin maganar cewa take yi ɗinki ɗaya da wuri yana hana ɗinki tara daga baya. "On time" da "in time" kuwa, fassarar tamu ce ta haɗe su. "On time" sai da lokacin da aka yanka: an ce ƙarfe takwas, kin iso ƙarfe takwas. "In time" kuwa babu agogo a ciki, kin dai iso kafin dama ta wuce. Ɗauki sallar jam'i. Wanda aka yi kabbarar harama yana cikin sahu, ya zo "on time". Wanda ya tarar da liman a ruku'u ya bi shi, ya makara, amma ya samu raka'ar. Wannan shi ne "in time".

Baba Tela: Ban yi boko mai zurfi ba, amma maganar ɗinki ce, don haka zan sa baki. Babu wanda ke yanka wa yagewa lokaci. Jiya aka kawo mini kaftanin shadda, bakin aljihu ya ɗan ɓarke tun kafin Sallah, mai shi ya ƙyale. Kullum hannu na shiga, ɓarakar na tafiya, har ta sauka kusan taƙi guda. Abin da allura za ta kama sau biyu, sai da na hau keke na sa maho. Ni a wurina Hausarta ita ce "rigakafi ya fi magani".

Hajiya Uwargida: Baba, a gafarce ni, ban yarda ba. Rigakafi kafin cuta ake yin sa. Nan kuwa riga ta riga ta yage. "A kashe wuta tun tana ƙarama" ta fi kusa.

Baba Tela: Kin fi ni gaskiya, Hajiya. Wutar ta kama, ba ta dai ci ɗaki ba.

Wani ɗan Zariya: "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi" fa?

Hajiya Uwargida: Wannan ta tarbiyyar yara ce, ɗana. Ban taɓa jin an yi wa rufin da ke yoyo ita ba.

Malamin Turanci: Ku duba, duk biyun da "tun" a cikinsu. Ƙanwata, riƙe wannan: inda Bahaushe zai ce "tun da wuri" ko "tun kafin", sa "in time". Maganar tsohuwa ce, tana cikin kundin karin magana da wani Baturen Ingila, Thomas Fuller, ya tattara a 1732, can ma "in time" aka rubuta.

Ɗalibar SS3: Na gode, Malam. To idan jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja ya tashi "on time", ni dole in isa tashar Rigasa "in time" ke nan?

Malamin Turanci: Haka yake.