Shafin intanet na ƙaramin otal: WordPress ko a rubuta shi tun daga tushe?

Mai_Masauki:
Assalamu alaikum jama'a. Gidan mahaifinmu ne a Nasarawa, Kano, muka mayar da shi masaukin baƙi, ɗaki 12. Kowane ɗaki da irin adonsa: wani labulensa shuɗin marinar Ƙofar Mata ne, wani an zana masa dagi a bango. Baƙinmu yawanci ta Booking.com, shafin kama ɗakin otal, suke zuwa, su kuma suna yankar kasonsu a kowane kwana. Ina son mu mallaki shafinmu kafin Sallah, lokacin da masu kallon Hawan Daushe ke neman ɗaki. Wani yaro mai gina shafuka ya ce a yi shi da WordPress, wato manhajar gina shafi da aka riga aka tsara, wani ya ce sai an rubuta shi tun daga tushe, kuɗin ya ninka. Wanne zan bi?

Ɗan_Fagge:
Wa alaikumus salam Hajiya. WordPress ya ishe ki, ɗaki 12 ba sai an kai ga wancan ba. Inda zan ja kunnenki shi ne sunan shafin, wato adireshinsa a intanet. Ko .ng ne ko .com.ng, a yi rajistarsa da sunanki da imel ɗinki, a wurin dillalin da NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng, ta amince da shi. Duk shekara ake sabunta shi. In da sunan yaron aka yi, ranar da kuka ɓata ko ya canza lamba, shafin ya tafi da shi.

Maman_Ilham:
Ni dai a matsayina na mai yawan sauka a otal, abin da nake dubawa tun farko shi ne wuta da ruwa. Ki rubuta ƙarara: sola ce ko janareta, ƙarfe nawa ake kashewa, akwai ruwan zafi a hunturu? Sai hoton banɗaki. Kowa gado yake nunawa da filo a jere, banɗakin kuwa a ɓoye shi. A ɗauki hotunan da safe a buɗe labule, shuɗin nan ya fito sosai, kuma a rage musu nauyi, don a waya za a buɗe, data kuma ta yi tsada. Maɓallin WhatsApp ya zauna a sama inda ido zai fara sauka.

Ɗan_Fagge:
Na manta: kada ki rufe Booking.com tukuna. A haɗa kalandarsu da ta shafinki, in ba haka ba mutum biyu za su kama ɗaki ɗaya daren Sallah. Kafin alƙalami kuma a karɓe shi ta kamfanonin karɓar kuɗi a intanet, Paystack ko Flutterwave.

Mai_Masauki:
Allah ya saka da alheri. Maman Ilham, banɗakunan ma sabbi ne, gobe za a ɗauke su. Malam, haɗa kalandar nan aikin mai gina shafin ne, ko ni zan yi daga wayata?