Baba ya manyanta, takardun gida da gona ba a tsare suke ba, ta ina za mu fara?

Ɗan Jekadafari:
Slm jama'a, dan Allah shawara nake nema. Mahaifinmu shekararsa 74, mu 11 ne ɗaki biyu, yana da gida nan cikin Gombe da gona a hanyar Dadin Kowa sai ɗan fanshonsa. Satin da ya wuce ya aike ni in ɗauko masa wani abu a adakar da ke ƙarƙashin gadonsa, wlh na tarar gara ta cinye gefen takardar cinikin gonar, kuma cikin shaidu ukun da suka sa hannu biyu sun rasu. Tun ranar ban samu natsuwa ba, gashi ya fara mantuwa kaɗan kaɗan, amma ina tsoron in ɗaga maganar ’yan ɗaya ɗakin su ce ƙirga masa kwana nake.

Malam na Bolari:
Wslm. Kar ka je kai kaɗai, ka samu ƙanen Baba ko limamin unguwa su buɗe zancen, kuma kowane ɗaki a samu wakili. Ai addini ne ma ya kwaɗaitar, hadisin Ibn Umar ya nuna bai dace mai abin da zai yi wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba. Ku fara da bashi, wanda yake bi da wanda ake binsa, don sai an biya bashi ake rabon gado. Wasiyya ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji. In yana son ya ba wani kyauta to ya bayar yanzu da lafiyarsa, gaban shaidu, wanda aka ba ya karɓi abinsa, don kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka.

Maman Ikram:
Ni abin ya faru da mu, Allah ya jiƙan Abbanmu. Sunana ya rubuta a fom ɗin banki a matsayin makusanciya, muka ɗauka shikenan zan je in cire kuɗin, ashe wannan sunan na wanda za a tuntuɓa ne kawai, sai da muka nemo takardar kotu, ga sunansa na BVN ya bambanta da na NIN da harafi ɗaya, mun fi wata takwas muna zirga zirga, tun mahaifiyarmu tana takaba babu na cefane. Ka kai Baba ya gyara sunayen nan yanzu da ƙafarsa, har a wajen masu fansho.

Abu Sadik:
Batun gonar shi ne na gaggawa. Ku nemo shaidan da ya rage da mai unguwar wajen da maƙwabtan iyaka a sake rubuta takarda Baba ya sa hannu, gidan kuma ku je GOGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Gombe, ku ga matsayin rajistarsa. Takardar wakilci da lauya ke rubutawa tana da amfani in ba ya iya fita, amma da zarar ya rasu ta daina aiki.

Ɗan Jekadafari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kira Kawu ɗazu, ya ce mu haɗu ranar Juma'a bayan an sauko, zai kira yayanmu na ɗaya ɗakin ma.