Zagaye da Sakramenti Mai Tsarki ranar Kristi Sarki: ina asalinsa, yaya ake shirya shi?

Ɗan Kwamitin Ibada:

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, 'yan'uwa. Idin Kristi Sarki ya ƙarato, kuma kwamitinmu aka ɗora wa shirya zagaye da Sakramenti Mai Tsarki a bana. Tambayoyina uku ne. A kalandar Ikilisiya akwai Idin Jiki da Jinin Kristi tun a Mayu ko Yuni, to me ya sa mu a Najeriya sai Nuwamba muke fita? Sannan ina roƙon a zayyana mini tsarin jerin gwanon, tun daga ƙarshen Misa har zuwa albarkar ƙarshe, da kayan da za a tanada. Na uku, matasanmu suna shan tambaya daga abokansu na wasu ɗarikoki, wai don me muke durƙusa wa gurasa. Ina son amsar da za su bayar ba tare da kame-kame ba.

Baba Katikis:

Ɗana, da ta ukun zan fara, domin sauran biyun a kanta suke tsaye.

Mu ba gurasa muke durƙusa wa ba. Koyarwar Ikilisiya Katolika ita ce, sa'ad da Fada ya furta kalmomin Ubangiji a kan gurasa da ruwan inabi cikin Misa, ainihin gurasar gaba ɗaya yana juyawa ya zama Jikin Kristi, ainihin ruwan inabin kuma ya zama Jininsa. Abin da ya rage shi ne kamanni kawai: launi, ɗanɗano, ƙanshi, nauyi. Ido yana ganin abin da ya saba gani, harshe yana jin abin da ya saba ji, amma wanda yake wurin Yesu ne da kansa, jiki da jini, rai da allahntaka. Matasa su buɗe Matiyu 26:26, inda ya ce "Wannan jikina ne". Su karanta Yohanna sura 6 daga aya 51, su lura cewa da almajirai da yawa suka ce maganar ta yi tsauri suka janye, bai kira su ya ce misali yake yi ba. Su ƙara da 1 Korintiyawa 11:27-29, inda Bulus ya ce mai ci ba da cancanta ba ya yi wa Jiki da Jinin Ubangiji laifi. Da alama ce kawai, da gargaɗin bai kai wannan nauyin ba.

Babban Taron Lateran na huɗu, wato taron bishop-bishop na dukan Ikilisiya, a 1215, ya yi amfani da kalmar sauyawar ainihi a koyarwarsa. Babban Taron Trent kuma, a 1551, ya fayyace abubuwa uku da suka shafi aikinku kai tsaye. Kristi cikakke yana cikin kamannin gurasa, yana kuma cikin kamannin ruwan inabi, kuma idan an gutsuttsura yana cikin kowane gutsure. Kasancewarsa ba ta ƙarewa da ƙarewar Misa, shi ya sa ake ajiye Sakramenti a tabanakul, wato akwatin ajiyarsa a coci, da fitila tana ci kusa da shi. Kuma daidai ne a yi masa sujada irin wadda ake yi wa Allah kaɗai, a kuma fita da shi zagaye a bainar jama'a. Wanda ya riƙe waɗannan ukun ba sai an koya masa natsuwa a kan hanya ba.

Game da asali, Idin Jiki da Jinin Kristi ya faro ne a birnin Liyaj, cikin ƙasar Beljiyam ta yau, saboda nacin wata sista mai suna Yuliyana. Bishop na wurin ya kafa shi a 1246. Paparoma Urban na huɗu, wanda ya taɓa aiki a Liyaj ɗin, ya mayar da shi na dukan Ikilisiya a 1264, masanin tauhidi Toma Akwinas kuma ya tsara addu'o'i da waƙoƙin ranar. Fita zagaye ba ya cikin wasiƙar Paparoman. Daga baya ya shigo, ya bazu a ƙarni na 14. Ranar idin ita ce Alhamis bayan Lahadin Triniti, a wurare da yawa kuma, har da nan gida, ana ɗage shi zuwa Lahadin da ke biye.

Idin Kristi Sarki sabo ne idan aka gwada. Paparoma Piyus na 11 ya kafa shi a Disambar 1925, shekara 1600 bayan Taron Nisiya, babban taron bishop-bishop na farko na dukan Ikilisiya, a lokacin da gwamnatoci da aƙidu a Turai suke ƙoƙarin ture Allah daga harkokin jama'a. Da farko Lahadin ƙarshe na Oktoba ne. Gyaran kalanda na 1969 ya kai shi Lahadin ƙarshe na shekarar Ikilisiya, wanda kan faɗo tsakanin 20 da 26 ga Nuwamba.

Dalilin kai zagayen ranar Kristi Sarki a wurinmu damina ce. A Yuni hadari kan haɗu ba sallama, hanyoyi sun caɓe, manoma suna tsakiyar noma. A Nuwamba ruwa ya ɗauke, an shiga kaka. Dokar Ikilisiya, kanon na 944, ta bar wa bishop na kowace dayosis, wato yankin da yake kula da shi, tsara yadda za a yi zagayen, don haka ba a karya komai ba. Amma a kula, zagayen kaɗai aka matsar. Idin Jiki da Jini yana nan a lokacinsa da Misarsa, ranar Kristi Sarki kuma karatun ranar ake yi, bisa tsarin karatun Lahadi mai juyawa shekara uku-uku: Matiyu 25 a shekarar A, Yohanna 18 a shekarar B, Luka 23 a shekarar C. Kada kwaya ta cika Misar da waƙoƙin Jibi, wato na karɓar Sakramenti, kawai har a manta da sarautar da ake bikinta.

Tsohon Mai Hidimar Bagadi:

Baba Katikis ya gama da koyarwa, bari in shiga kaya da tsari.

Abin da za ku tanada: monstrans, wato abin da ake sa Sakramenti a ciki don jama'a su gani, da ɗan gilashinsa mai riƙe gurasar, babbar gurasa guda biyu (ɗaya ta Misa, ɗaya ta zagaye), farin mayafin kafaɗa, farar alkyabba idan Fada zai sauya tufafin Misa, laima mai sanda huɗu ko shida, kaskon turare biyu, mazubin turare, gicciye, kyandir biyu na gefen gicciye, aƙalla huɗu na kewaye da Sakramenti, ƙararrawa, da farin ƙyallen shimfiɗa ga kowane bagadi da za a tsaya.

Kuskuren da ya fi yawa tun a ɗakin shiri ake yinsa. Ba a gwada gurasar da gilashin monstrans ba, sai bayan tsarkakewa a tarar ta fi shi faɗi. A lokacin ba abin da za a datse, domin ba gurasa ba ce kuma. A gwada tun ranar Asabar, in ta yi girma a rage gefenta da almakashi mai tsabta, a kakkaɓe ɓurɓushin. A duba maƙullin ƙofar gilashin ma. In ya saki, girgizar tafiya za ta buɗe shi. Gurasar kanta ta alkama ce zalla da ruwa, ba yisti, ba sukari, ba garin masara ko rogo, kuma sabuwa.

A Misar da za a fita bayanta ake tsarkake gurasar zagayen, don kowa ya ga cewa zagayen daga Misa ya fito. Bayan an gama karɓar Jibi sai a sa ta a monstrans a kan bagadi. Fada ya yi addu'ar bayan Jibi. Ba a sa albarkar ƙarshe, ba a kuma sallamar jama'a, domin ibadar ba ta ƙare ba. Sanarwa, godiya ga baƙi da maganar baiko duk a gama su kafin a fito da Sakramenti, ko a bar su sai bayan an mayar. Fada ya durƙusa ya yi turare, a yafa masa mayafin kafaɗa, ya riƙe monstrans da hannuwansa a lulluɓe cikin mayafin, fuskar gilashin tana duban gaba.

Gicciye ne a gaba tsakanin kyandir biyu. Sai masu hidima da firistoci, sai masu kaskon turare biyu dab da gaban Sakramenti, sai Fada a ƙarƙashin laima da masu kyandir a gefe. Laimar ba don rana ba ce. Kamar ta hawan sarki ce, daga nesa kowa ya san wanda ke ƙarƙashinta, don haka ko da gajimare a ɗaga ta. Ku zaɓi masu riƙe ta tsayinsu ya yi kusa da juna, su gwada tafiya tare kafin ranar, musamman wajen fita ƙofar coci, inda dole a sunkuyar da ita ko a jira a waje. Inda jama'a za su jera, gaba ko baya, al'adar wuri ce da umarnin dayosis.

Iskar hunturu ita ce babbar matsalar Nuwamba. Kyandir tsirara ba ya kai ƙofar harabar coci, sai mai murfin gilashi, kuma wani ya riƙe ashana a aljihu. Gawayi ma iska kan cinye shi da wuri. A sa yaro ɗaya ya bi da ƙaramin kasko mai garwashi da ƙarfen ɗauka, a riƙa sauyawa a kowane zango. Turare kaɗan-kaɗan ake zubawa. In an tula shi yakan narke ya kashe wutar.

A ƙarshe a ɗora monstrans kan bagadi, a rera waƙar Latin ta Tantum ergo ko waƙar Sakramenti da Hausa yayin turare, Fada ya yi addu'a, ya ɗauki mayafi, ya yi alamar gicciye da monstrans a kan jama'a ba tare da ya ce komai ba. A nan ganga da lasifika su yi tsit. Sannan a mayar da Sakramenti tabanakul, a tsabtace gilashin a kan farin ƙyalle saboda ɓurɓushi.

Mama Zumunta:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ta jama'a zan yi magana, don can ne abu kan lalace.

Kwamiti ya taka hanyar da ƙafa mako guda kafin ranar, ba a mota ba. A duba wayoyin lantarki da suka sauko, rassan itace, kwalbati, da inda hanya ta tsuke. Kilomita ɗaya zuwa biyu ya isa inda akwai tsofaffi da masu goyo. Jerin gwano tafiyarsa ba ta da sauri, kuma Fada hannuwansa a ɗage suke tun farko har ƙarshe. A rubuta wa 'yan sanda da wuri, a gai da mai unguwa a sanar da shi. In hanyar ta bi kusa da masallaci, a tsara lokaci don kada a iso ana kiran sallar azahar ko la'asar, a kuma rage lasifika a wajen. Zaman lafiya da maƙwabta yana cikin shaidar da muka fito bayarwa. Inda tsaro bai inganta ba, a kewaya cikin harabar coci, ladar ba ta ragu ba.

Ni na fi son yara da ƙungiyoyi su shiga gaba bayan gicciye, mata da maza su biyo bayan laima, don Ubangiji ya kasance a tsakiyar mutanensa. Amma kowane tsari aka ɗauka, jagoran waƙa ɗaya ne. In jerin ya yi tsawo, na gaba suna wata waƙa, na baya suna wata, Rozari kuma yana tashi a tsakiya. Maganinsa lasifika biyu da aka haɗa da makirufo ɗaya, da jerin waƙoƙi da aka raba wa kowace ƙungiya tun kafin ranar. Kiɗa da rawa ba laifi, Sarki muke rakiya, sai dai kada masu rawa su kutsa tsakanin masu turare da laima, kada kuma masu ɗaukar hoto da waya su tare gaban Fada.

Ku tuna wa iyaye cewa azumin kafin Jibi awa ɗaya ne kawai, ruwa da magani kuma ba sa karya shi, tsofaffi da marasa lafiya ma an ɗauke musu. Yara su karya kumallo a gida. Yawancin masu faɗuwa a hanya yunwa ce da rana. A ajiye ruwan sha a kowane zango, mota ɗaya ta bi baya a hankali saboda wanda ya gaza.

Ɗan Kwamitin Ibada:

Na gode, Baba da Mama, na gode yayana. Saura abu biyu. Fadanmu yana da ƙananan majami'u a ƙauyuka, ba zai iya zuwa ko'ina ba. Katikis zai iya ɗaukar monstrans a can? Wasu kuma suna so a yi Misa da safe, a fita zagaye da yamma in rana ta yi sanyi.

Baba Katikis:

Katikis ba ya yin wannan, ɗana. Fito da Sakramenti tare da sa albarka aikin Fada ne ko dikin, wato mai naɗin da ke ƙasa da na Fada, kanon na 943 ya faɗa. Wanda ba a naɗa ba, in bishop ya ba shi izini, iyakarsa ya fito da Sakramenti don sujada ya kuma mayar, ba ya sa albarka da shi. Abin da aka saba yi shi ne ƙananan majami'u su taru a babbar cocin farish a wannan ranar, kowacce da tutarta, a yi zagaye ɗaya. Waɗanda nisa ya hana su, su yi ibadar Maganar Allah da karatun ranar, su karanta addu'ar miƙa 'yan Adam ga Zuciyar Yesu Mai Tsarki, wadda Piyus na 11 ya umarta a riƙa yi a wannan idin.

Fita da yamma ya halatta, amma da sharaɗi. Ƙa'idar Ikilisiya ta ce zagaye yana iya biyo bayan doguwar sujada ta jama'a da aka fara daga ƙarshen Misa. Wato gurasar da aka tsarkake da safe tana kan bagadi cikin monstrans, kyandir huɗu ko shida suna ci, kuma ba a barin wurin ba kowa ko na minti ɗaya. Ku raba awannin tsakanin ƙungiyoyi a rubuce, Zumunta awa ɗaya, matasa awa ɗaya, maza awa ɗaya, da sunan wanda zai tabbatar mutanensa sun iso kafin na baya su tashi. Lokacin abincin rana ne coci kan zama wayam, don haka a ba wa ƙungiyar da ta fi riƙon alkawari wannan awar. In kun ga ba za ku iya cike awannin ba, ku faɗa wa Fada tun yanzu, a fara Misa da sassafe a fita nan take bayanta.