Wane suna za mu ba fastiru da Hausa? Ni dai na tsaya kan danƙawa

Jama'a masu harkar saba (server, kwamfutar da ke yi wa wasu na'urori hidima) a gida ku matso mu yanke magana ɗaya. Duk wanda ya ɗora Proxmox, manhajar da ke gudanar da kwamfutoci da yawa cikin kwamfuta ɗaya, a kan tsohuwar kwamfuta ya san kalmar nan fastiru (passthrough, wato ba ɗaya daga cikin kwamfutocin nan wani kayan aiki na gaske kai tsaye), kowa da Turanci yake faɗarta, kuma wallahi ina ganin rashin sunan da ya dace yana cikin abin da ke jawo wa mutane asarar fayilolinsu.

Biyu dai babu rigima a kansu. Kwamfutar gaske mai ɗauke da sauran ita ce mai masauki, kwamfutar manhaja (VM) da ke gudana a cikinta kuma baƙuwa. Sun zauna daram, mu wuce.

To fastiru fa? An kawo wucewa, an kawo ratsawa, wani ɗan'uwa ya ce zarcewa. Duk ukun fassarar baki ce kuma matsalarsu ɗaya, suna sa mutum ya ɗauka bayanan suna bi ta hannun mai masauki yana ganinsu kafin su isa. Alhali in ka kunna saitin da ke ba da damar fastiru (VT-d a Intel ko AMD-Vi a AMD) a cikin BIOS, ka ɗauki katin da ke riƙe da faifai gaba ɗaya, irin su LSI 9211-8i da mutane ke saye na hannu, ka ba baƙuwar da ke gudanar da TrueNAS (manhajar adana fayiloli), shi ke nan mai masauki ya daina ganin faifan nan kwata-kwata, ka buga lsblk (umarnin da ke jera faifai) a kansa ba za ka same su ba. Kamar ka ba baƙo ɗaki ne ka haɗa masa da makulli ba ka riƙe safaya ba. Wannan ai danƙawa ce, ka danƙa masa ka cire hannunka.

Ga inda abin yake cizo. Ka saita vzdump, manhajar kwafi ta Proxmox, ya riƙa kwafe baƙuwar kowane dare, da safe ka ga ya rubuta komai lafiya, hankalinka kwance, amma abin da ya kwafe ɗan ƙaramin faifan da TrueNAS ke tashi da shi ne kawai da saitin baƙuwar, hotunan biki da takardun makaranta da karatuttukan malamai da ka tara shekara da shekaru duk suna can cikin faifan da ka danƙa, ko ɗaya bai shiga ba. Ba laifin manhajar ba ne, ba za ta kwafi abin da ba ta gani ba. Wanda ya riƙe kalmar danƙawa a ransa da kansa zai tambaya, to tunda na danƙa wa zai kwafe min?

Akwai nau'i na biyu da shi ma ake ce wa fastiru, kuma bai kamata su ci suna ɗaya ba. Shi ne ka haɗa faifai guda da baƙuwa ta umarnin qm set da adireshinsa na /dev/disk/by-id. Nan mai masauki yana nan tsakani yana ganin faifan, don haka ni aro nake ce masa. Shi kuma akasin haka yake yi maka, vzdump zai kwashe faifan duka in ba ka sa masa backup=0 ba, faifai mai tera 8 ya cika maka wurin ajiya cikin dare ɗaya. Sannan maɓallin sinafshot (snapshot, ɗaukar hoton yadda faifai yake a wani lokaci) na Proxmox ba ya aiki da irin wannan faifan, baƙuwar ma ba ta ganin bayanan lafiyar faifai na SMART yadda ya kamata, shi ya sa masu ZFS (tsarin adana fayiloli da TrueNAS ke amfani da shi) suka fi son danƙawa.

Shi kuma bakof (backup), kiransa ajiya ya yi faɗi da yawa tunda faifan kansa ma ma'ajiya ne. Na fi son kwafin ko-ta-kwana, duk Bahaushe ya ji ya san abin da aka tanada ne don ranar da ba a fata. Sinafshot kuwa hoton lokaci ne, a kan faifan yake zaune, wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona saba ya tafi tare da faifan, kar wanda ya kira shi ko-ta-kwana don Allah.

Saboda haka mai danƙawa aiki biyu ne a kansa. Mai masauki ya kwafe jikin baƙuwar zuwa Proxmox Backup Server, wanda ya fito tun 2020, ita kuma baƙuwar ta ɗauki hoton lokaci na ZFS ta tura shi da zfs send zuwa wata na'ura daban, in da hali ma a wani gidan. Kuma a riƙa gwada maido da kwafin lokaci-lokaci a ga ko yana buɗewa.

'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da kuka koyi kwamfuta da Faransanci, danƙawa da aro sun zauna a kunnenku ko kuna da wasu kalmomin da kuke amfani da su a can?