Neman kalmar Hausa: méritocratie

Mai shirin rediyo, Tawa: Assalamu alaikum, malamai. Gobe da safe zan gabatar da shiri kan sakamakon jarrabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji, kuma baƙona ba zai rasa ambaton méritocratie ba, kalmar Faransanci da ke nufin a ba kowa matsayi gwargwadon hazaƙarsa da ƙoƙarinsa. Na rubuta "mulkin cancanta", amma ina tsoron masu saurare su zaci gwamnati nake nufi, alhali zancen aji ne da maki.

Malamar lise, Yamai: Ƙanena, ka sa "tsarin cancanta". Sai dai ka sani Michael Young, Baturen Ingila da ya yaɗa kalmar a 1958, zambo ya yi da ita: ya kwatanta al'ummar da ake auna mutum da basira da ƙoƙari, har waɗanda suka hau su yi imani cewa na ƙasa su suka ja wa kansu. A ajina, ɗan ma'aikaci da ya tashi yana jin Faransanci a gida yana zaune benci ɗaya da ɗan manomi da ya fara jin sa ranar shiga lakwal, sannan a ba su dikte ɗaya a ce an yi adalci. "Cancanta" a kunnen Bahaushe yabo ce tsantsa, wannan zambon ba ya cikinta.

Tsohon mushe: Tunda mun karɓi dimokuraɗiyya da jamhuriyya, me zai hana "cancantiyya"? Na daɗe ina amfani da ita.

Mai fassara: Baba, da girmanka, wannan ƙarshen na Larabci ne, kuma ban taɓa jin kalmar a gidajen rediyon Kano ba.

Tsohon mushe: Yaro, Kano ce ta haifi Hausa? Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram, a 2025 kuma Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, amma har yau sai mun nemi izinin Kano kafin mu raɗa wa kalma suna?

Mai shirin rediyo: Iyayena, ku yi haƙuri, lokaci ya ƙure. Zan ce "tsarin fifita cancanta", in bar baƙon ya bayyana zambon da bakinsa.

Tsohon mushe: Kalma uku a madadin ɗaya. To, ka yi gobe da ita, amma ni ban janye tawa ba.